Ina Shamuwa Take Zuwa da Rani?

Darasin wannan wata a kan shamuwa ne, da sauran tsuntsaye masu tafiya mai nisa.

Babu manomin da bai san shamuwa ba. Baƙa ce, cikinta fari, ƙafafunta dogaye. Gwiwoyinta da yatsunta ja ne. Lokacin da take saƙar sheƙa, fatar fuskarta takan yi shuɗi. Nauyinta bai wuce na kaza madaidaiciya ba, wato kilo ɗaya da 'yan kai. A cikin danginta duka ita ce ƙarama.

Takan iso ƙasar Hausa da bazara, wajen watan Afrilu ko Mayu. Ranar da aka gan ta a kan kuka ko tsamiya, gari ya ɗauka: shamuwa ta zo, ruwa ya kusa. Mai sharar gona ya ƙara himma. Mai gyaran jinka ya nemo shuci. Mai iri ya duba rumbu.

Ba ta gudun mutane. A tsakiyar gari take sheƙa, wani lokaci ma a kan ɗaki. Takan yi ƙwai biyu ko uku. Uwa da uba su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci har kusan wata guda. Bayan ƙyanƙyasa, 'ya'yan sukan yi kamar wata biyu kafin su tashi. A garuruwa da yawa ba a kashe ta, ba a cin namanta, yaro ma in ya jefe ta sai ya sha faɗa.

To, amma da kaka ta yi, sai a wayi gari babu ita. Sheƙa ta zama kango. Ina ta tafi?

Damina biyu a shekara

Mutum yakan tafi cin rani don gona ta huta kuma babu aiki a gida. Ita shamuwa ba rani take zuwa ci ba. Wata daminar take bi.

Ga yadda abin yake. Akwai wani layi da masana suka zana a taswira, wanda ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Sunansa ikwaita. Ƙasar Hausa tana arewa da shi. Ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabwe da Botswana da Afirka ta Kudu suna kudu da shi. Lokutan shekara a can kishiyar na nan ne. Sa'ad da ake fama da hunturu da hazo a Kano da Damagaram, a watan Disamba da Janairu, su a can ruwa ake shatatawa. Ciyawa ta yi kore, fara ta ƙyanƙyashe, tsutsa ta cika gonaki. Can shamuwa take nufa. Idan ruwan can ya ɗauke wajen watan Maris, sai ta juyo arewa, ta riƙa bin hadari sannu a hankali har ta iso.

Ke nan shamuwa ba ta kawo ruwa. Biyo shi take yi, ko kuma ta ɗan riga shi isowa. Wannan bambanci yana da amfani ga manomi. Zuwanta alama ce mai kyau cewa damina ta gabato, amma ba alkawari ba ne cewa ruwan farko zai ɗore. Sau nawa aka yi shuka da ruwan farko, shamuwa tana kan kuka tana kallo, sa'an nan aka yi mako uku babu ko ɗigo, iri ya ƙone a rami?

A shekarar 2003 waɗansu masu bincike daga ƙasar Denmark suka je Jamhuriyar Nijar. Suka kama shamuwa 'yan kaɗan, suka ɗaura musu wata ƙaramar na'ura a baya, suka sake su. Na'urar tana aika saƙo zuwa tauraron ɗan'adam, shi kuma ya nuna inda tsuntsuwar take. Da damina ta wuce, sai aka ga sun nausa kudu maso gabas har ƙasar Tanzaniya. Tafiyar ta fi kilomita 3,000. Akwai wadda ta zarce har Zimbabwe, fiye da kilomita 4,000 daga sheƙarta. Daga Kano zuwa Legas a mota kimanin kilomita 1,000 ne. Mai karatu sai ya ninka wannan sau huɗu, ya kuma tuna cewa zuwa ne kawai, ban da komowa.

Yaya tsuntsuwa mai nauyin kaza take yin wannan tafiya ba ta gaji ba? Dabara gare ta. Ba ta yawan kaɗa fiffike. Idan rana ta yi zafi, ƙasa takan ɗauki zafi, iskar da ke kanta ta riƙa tashi sama. Shamuwa sai ta shiga cikin wannan iska, ta buɗe fukafukai, ta yi ta kewaya kamar yadda shaho da ungulu suke yi. Iska ta ɗaga ta sama ƙwarai. Daga nan sai ta sulale gaba, tana gangarowa a hankali, har ta tarar da wata iskar mai tashi. Haka za ta yi ta yi har la'asar. Shi ya sa ba ta tafiyar dare, ba ta kuma sammako. Sai hantsi ya dubi ludayi take ɗaga.

Tana da wata ɗabi'a kuma mai ban dariya. In zafi ya dame ta, takan yi kashi a kan ƙafafunta. Ruwan kashin yana bushewa, ƙafafun suna yin sanyi, kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Wanda ya ga shamuwa da fararen ƙafafu, ba farar ƙasa ta taka ba.

Abincinta shi ne babban abin da ya haɗa ta da manomi. Fara take ci, da babe, da tsutsa, da sauran manyan ƙwari. Inda duk fara ta yi yawa, nan garken shamuwa yake sauka. Masu binciken da suka yi aiki a kudu maso gabashin Nijar sun ga haka da idonsu: shamuwa tana bin irin farar nan da ke cinye gero tun yana ƙarami. 'Yar ƙodago ce wadda ba ta karɓar ko sisi. Amma akwai haɗari a nan. Idan aka yi feshin magani mai ƙarfi barkatai, tsuntsun da ya ci farar da ta sha guba shi ma yana iya mutuwa. An kashe fara ta bana, an kuma kashe mai cin fara ta baɗi.

Tsuntsuwa da mashi a wuya

Shamuwa ba ta fita daga Afirka, sai dai 'yan kaɗan da ke ƙetarawa kudancin yankin Larabawa, kamar ƙasar Yaman. Amma tana da 'yar'uwa a Turai, wadda ta fi ta girma, fara mai baƙaƙen fukafukai da jan baki. Ita ma a kan rufin gidaje take sheƙa. Ita ma takan ɓace idan sanyi ya gabato.

Turawan dā sun daɗe suna tambayar da ake yi a nan: ina tsuntsaye suke zuwa? Amsoshin da suka bayar sai su ba mutum dariya. Waɗansu suka ce wani tsuntsu rikiɗa yake yi ya zama wani. Waɗansu, har da manyan masana, suka ce tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon kududdufi, ta yi barci har sanyi ya wuce.

Wannan ba gaskiya ba ne game da tsattsewa. Amma abin mamaki, akwai halittar da take yin haka, kuma masunta sun san ta sarai. Ita ce gaiwa. Idan fadama ta fara ƙafewa, gaiwa takan haƙa rami a taɓo, ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da yauƙi. Yauƙin ya bushe ya zama kamar jaka. Ta bar 'yar kafa tana shaƙar iska, domin tana da huhu, ba kamar sauran kifaye ba. Haka za ta zauna wata da watanni, jikinta yana cin kansa a hankali, har ruwa ya dawo. Abin da aka laƙa wa tsuntsu a Turai, ashe aikin kifi ne a Afirka.

A watan Mayu na shekarar 1822, a kusa da wani gari mai suna Klütz a arewacin Jamus, aka harbo irin farar shamuwar nan. Da aka ɗauko ta, sai aka ga mashi ya huda wuyanta, ya shiga ta ƙasa ya fito ta sama. Tsawonsa ya kusa kamu biyu. Aka duba icen da ƙirar, aka gane ba na Turai ba ne, na tsakiyar Afirka ne. Wato wani maharbi ya soke ta a Afirka, ba ta mutu ba. Ta tashi da mashin a wuya, ta ƙetare hamada, ta yi dubban kilomita har ta isa gida. Can kuma ajali ya same ta. An ɗure fatarta da mashin a jiki, tana nan ajiye a Jami'ar Rostock. Wannan tsuntsuwa tana cikin hujjojin farko da suka nuna wa Turawa cewa tsuntsayensu Afirka suke zuwa.

Daga baya aka samo hanyar da ta fi mashi tausayi. A shekarar 1899 wani malamin makaranta a Denmark, mai suna Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben alminiyam a ƙafa. A jikin kowane zobe akwai lamba da adireshi. Duk wanda ya tsinci tsuntsun sai ya aiko da labari. Wasu ƙasashe suka kwaikwaya. A watan Mayu na 1911 aka sa wa wata tsattsewa zobe a Ingila. A watan Disamba na 1912 aka kama ta a wata gona a lardin Natal na Afirka ta Kudu, nisan fiye da kilomita 9,000. Maganar barci a taɓo ta ƙare ke nan.

Ƙanana sun fi ban mamaki

Shamuwa dai babba ce, kuma iska tana ɗaukar ta. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ƙananan tsuntsaye. Masana sun ƙiyasta cewa kowace shekara kimanin ƙananan tsuntsaye biliyan 2 ne suke barin Turai su ƙetaro hamadar Sahara. Waɗansunsu nauyinsu bai fi giram 10 ba, wato kamar ƙwayar sukari biyu. Faɗin hamadar kuwa, daga arewa zuwa kudu, ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000. Babu ruwa, babu abinci.

Guzurinsu a jikinsu yake. Kafin su tashi sukan yi makonni suna ci ba ƙaƙƙautawa, har su tara kitse a ƙarƙashin fata. Akwai waɗanda nauyinsu yake ninkawa biyu. Wannan kitse shi ne man tafiya. Yawancinsu da dare suke tashi, don sanyi. Da rana wasu su sauka su laɓe a inuwar dutse ko ta ɗan tsiro, ba ci ba sha, har rana ta faɗi. A shekarun 1960 masu bincike sun zauna a Malam Fatori, a bakin Tafkin Chadi, suna kama irin waɗannan tsuntsaye suna aunawa. Suka tarar cewa da bazara a nan suke tara kitsen komawa gida, da 'ya'yan itatuwa da ƙananan ƙwarin tafki. Wato ɗan tsuntsun da yaro yake bi da danƙo a bayan gari a watan Maris, mai yiwuwa shirin tafiya Turai yake yi.

Akwai irin tsattsewar da take sheƙa a Turai ta yi rani a Afirka. A 2016 masana na Jami'ar Lund a ƙasar Suwidin suka nuna cewa takan yi wata 10 a sama. Waɗansu ba su sauka ko sau ɗaya ba. A sama take cin ƙwari, a sama take hutawa, ruwa ma a guje take kurɓa. A 2022 kuma aka bi wani tsuntsun bakin teku, ɗan wata biyar da haihuwa, daga Alaska ta ƙasar Amurka zuwa tsibirin Tasmaniya na Ostireliya. Ya yi kilomita 13,560 cikin kwana 11, bai sauka ba.

Wa yake nuna musu hanya?

Fatake suna da madugu. Tsuntsu fa?

Bincike ya nuna suna da hanyoyi fiye da ɗaya. Suna duba rana. Masu tafiyar dare suna duba taurari, kamar yadda matafiya a hamada suke yi. Suna kuma jin jan maganaɗisun duniya, wato ƙarfin nan da yake juya allurar kamfas ta fuskanci arewa. Shi ya sa ko an yi hadari ko hazo ba su rasa gabas ba. Manya kuma sukan riƙe kamannin ƙasa: kogi, dutse, gaɓar teku.

Wani masani ɗan ƙasar Holan, mai suna Perdeck, ya yi wani gwaji mai kyau, ya buga sakamakonsa a 1958. Ya kama tsuntsaye fiye da 11,000 suna cikin tafiyarsu ta kaka. Ya sa musu zobe. Ya ɗauke su a jirgin sama zuwa ƙasar Suwizalan, nisan kimanin kilomita 600 daga hanyarsu, ya sake su. Manyan, waɗanda suka taɓa yin tafiyar, sai suka gane an kauce da su. Suka karkata, suka nufi inda suka saba zuwa. 'Yan bana kuwa suka miƙe a kan fuskar da suke bi tun farko, suka ɓulla kudancin Faransa da Sifen, inda iyayensu ba sa zuwa. Abin da wannan ya nuna shi ne, an haifi ɗan tsuntsu da sanin fuskar da zai dosa, amma sanin wurin kansa sai ya je ya gani.

Akwai ma wanda ba ya ganin iyayensa ko sau ɗaya. Turawa suna kiransa kuku, saboda kukansa. Uwarsa takan saka ƙwanta a sheƙar wani tsuntsu dabam, ta yi gaba. Masu sheƙa su yi renon ɗan da ba nasu ba. Kafin ya iya tashi sosai, iyayensa na ainihi sun riga sun kama hanyar Afirka. Duk da haka shi kaɗai yake tasowa, ya ƙetare teku da hamada. Tun 2011 ake bin manyan irinsa daga Birtaniya da na'ura. An ga yawancinsu a dazuzzukan yankin Kwango suke cin rani, kuma da yawa sukan yada zango a yankin Chadi da Nijeriya.

Masaukin baƙi

Tsuntsun da ya ƙetaro hamada, abin da yake nema da farko shi ne ruwa da ganye. Ɗaya daga cikin manyan masaukansu shi ne fadamun Haɗejia da Nguru, inda ruwan kogin Haɗejia da na Jama'are yake malala a jihohin Jigawa da Yobe. Da hunturu agwagin ruwa na Turai sukan sauka a nan dubbai, su gauraya da 'yan gida irin su ɗinya da kirinjijiya. A Dagona akwai wurin da aka keɓe musu, ba a farauta. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila Elizabeth, ya zo wurin a 1989 don ya gani da idonsa.

Sai dai masaukin ya ragu. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun ba birnin Kano ruwan sha, sun ba manoman rani ruwa, wannan ba abin musu ba ne. Amma ambaliyar da take cika fadamun ƙasa kowace shekara ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Masunci ya ji a jikinsa, mai shinkafa ya ji, makiyayi ya ji. Tsuntsu ma ya ji, sai dai shi ba ya kai ƙara.

Abin da ya faru a 1969 ya nuna yadda ƙasashen nan suke ɗaure da juna. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da yake sheƙa a Birtaniya, ya yi rani a yankin Sahel, wato ƙasashen bakin hamada irin arewacin Nijeriya da Nijar da Mali. A daminar 1968 ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai a yankin. Da lokacin komawa ya yi a 1969, masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka ga kusan kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba. Suka yi ta neman dalili a gonakinsu, ba su samu ba. Sai daga baya aka gane cewa yunwa da ƙishirwa ne suka kashe su a Afirka. Farkon farin nan ne da ya tsananta a 1972 da 1973, wanda ya halaka dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu. Tsuntsaye sun kai labarinsa Turai tun mutane ba su farga ba.

Itacen da aka sare a Sahel ma yana cikin lissafi. Ƙananan tsuntsayen nan a kan gawo da bagaruwa da aduwa suke samun ƙwarin da suke ci. Shamuwa kuma tana bukatar babban itace a cikin gari. Inda aka sare tsamiyar da ta saba, sai ta nemi wani garin.

Idan an tsinci zobe

Yakan faru mafarauci ko masunci ko yaro ya kama tsuntsu da zobe a ƙafa, ko da 'yar na'ura a baya. Waɗansu sukan tsorata, su ce na aljanu ne, ko ɗan leƙen asiri ne. Waɗansu su ɗauka zoben azurfa ne. Ko ɗaya ba haka ba ne. Ƙarfe ne mai araha, ba ya da kasuwa. Darajarsa tana cikin rubutun da ke jikinsa: akwai lamba, akwai kuma sunan gari ko ƙasar da aka sa shi.

Idan tsuntsun yana da rai, kada a cire zoben, kada a cutar da shi. A kwafi lambar da sauran rubutun a takarda, harafi bayan harafi, a sake shi ya tafi. Idan ya riga ya mutu, a cire zoben a adana. A rubuta ranar da aka same shi, da sunan ƙauyen, da ƙaramar hukumar, da yadda aka same shi: a tarko ne, a koma ne, ko a mace aka tsince shi. Sa'an nan a kai wa ma'aikacin gandun daji mafi kusa, ko malamin gona, ko malamin makaranta, don a aika wa masu zoben. Su kan mayar da amsa, su faɗi inda aka sa wa tsuntsun zobe, da ranar, da nisan da ya yi kafin ya iso.